Layukan da Na Datse

Shekarar da na shiga ajin manya na koyon karatu a Madain Fahd, babu takardar da ke gilmawa ta gabana ban karanta ba. A haka na gano kubon, 'yan takardun rangwamen da wani babban kanti ke bugawa a jarida. Na yi ta tara su da haƙuri don cefanen azumi.

Ni mutum ne mai son tsari. A gindin kowane kubon akwai wasu baƙaƙen layuka. Na duba su da idon mai ilimi, babu harafi ko ɗaya, na yanke hukuncin ado ne. Na sa almakashi na datse su tas.

Ranar cefane na ce wa matata, "Maman Safiya, ɗauki abin da ranki ke so. Yau karatu zai biya."

Ta cika keken kaya da shinkafa da mai da sabulu, har da tukunyar da ta daɗe tana kallo.

Mai karɓar kuɗi ya juya takardun gaba da baya. "Ya Hajj, ina layukan? Su na'ura ke karantawa."

"Na gyara su," na ce.

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, sannan ya ce halas, wato shi ke nan, ba sa aiki.

Muka dinga sauke kaya, mutanen bayanmu suna kallo. Tukunyar ce ƙarshe, kuma da ƙyar Maman Safiya ta sake ta.

Har yau, in ta shanya zanen gado mai ratsi-ratsi, sai ta ce wa yara, "Ku ɓoye almakashi, Babanku ya taso daga makaranta."