Ranar da Na Ɗaure Iska

Ranar akwai ɗana Bello, matarsa Dije mai jego, da ƙanwata Hajo da ta zo suna daga Diggi. Bello ya kafa wata fanka a kan dogon ƙarfe a tsakar gida, tana ta juyi, ya cika firji da zoɓon baƙi. Ni kuwa ban taɓa ganin fankar da ba ta shan wuta ba. Suna wajen yankan rago, na sa gora na sarƙe ta da igiya, na ce yau ɓarna ta ƙare.

Kafin la'asar zoɓo ya koma ruwan wanka.

Bello ya ce, "Inna, ai ita ke kawo wutar in iska ta juya ta!"

Washegari na kwance ta da kaina, ban kula kowa ba. Har yau in iska ta tsaya, Hajo sai ta bugo waya: "Yaya, ki sako mana ita, za mu yi shiƙa."