Tayoyina Sun Koma Tukwane

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Laka da ruwan fadamar Ambursa ne suka cinye rim ɗin tayoyin motata na alminiyam, duk suka yi fari-fari kamar masu makero. Bakaniken unguwarmu a Gwadangaji ya ce in bar masa su, na ce Allah ya sawwaƙe, ni na san hannun da ya iya ƙarfe. Na ɗora mota kan bulo, na kwashi rim zuwa Argungu, wurin Malam Sani mai ƙera tukwane, don ya goge min su.

Na tarar ya tafi jana'iza. Ni kuwa babban mutum ba ya jira. Na jibge su kan tarin ƙarafan da ke ƙofar rumfarsa, na yi gaba, ko saƙo ban bari ba. Ashe duk abin da aka ajiye a wurin nan na narkarwa ne.

Da na dawo, sai ya tarbe ni da murna: "Alhaji, wanga ƙarhe naka akwai kyau! Ga tukwanenka."

Na yi ta masifa har murya ta dushe. Mutane suka taru, wani ma yana ƙwanƙwasa murfi yana yabon aiki.

Motar tana nan kan bulo. Kullum uwargida ta ɗora shinkafa sai ta leƙo ta ce, "Alhaji, tayar gaba zan dafa da ita, ko ta baya?"