Rasuwar 'Yar Baƙa, Ril ɗin Sarkin Ruwan Greensboro

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, iyalan Malam Zabeirou na Greensboro, wanda jama'a suka fi sani da Sarkin Ruwa, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Baƙa, ril ɗinsa na kamun kifi, wato 'yar na'urar nan mai naɗe zare a gindin sandar fatsa. Ta cika ranar Asabar, sha biyu ga Mayu, 2007, a kan teburin kicin, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta shigo gidan shekara uku da suka wuce, daga hannun wani tsohon Bature a Summerfield da ya baza tarkacen garejinsa a ƙofar gida. Tsohon ya so ya yi bayanin halinta, Malam Zabeirou ya ɗaga masa hannu. Mutumin da aka haifa a Gaya, a bakin kogin Kwara, jikan masunta, wanda ya iya jefa birgi, ragar nan ta masunta, tun bai iya ɗaura wando ba, shi za a koya wa kama kifi? Da wannan tarihin ne ma 'yan Nijar na garin suka naɗa shi sarautar, ba tare da kowa ya taɓa ganin kifinsa ba.

An shaidi marigayiya da haƙuri da rufin asiri. Duk abin da ya faru tsakaninta da maigidanta a bakin tafkin Brandt, ba ta taɓa kawo shi gida ba. Muryarta biyu ce. Akwai "fiiiii" mai daɗi, wadda aka ji sau huɗu ko biyar a duk zamansu. Akwai kuma "ƙirrr... ƙat!", wadda ke biyo bayan kusan kowace jifa, kuma daga ita sai salati.

Ciwon da ya yi ajalinta shi ne sarƙewar zare. Masana sun ce irinta ba ta son ƙarfi. Kifin bas yana laɓewa ne a gindin itacen da ya faɗa ruwa, taku goma daga gaɓa. Sai mutum ya riƙe tanar roba a hagu, ya sunkuyar da kan sanda, ya yi lilo da ita a hankali, tanar ta tafi ƙasa-ƙasa ta sauka ba fantsama. Babban yatsa kuwa ba ya barin kwarkwaron zare: yana shafarsa yayin tafiya, ya danne shi da zarar tanar ta taɓa ruwa. In ba haka ba, tanar ta tsaya, kwarkwaro na ta gudu, sai zare ya cukurkuɗe kamar gashin da ya yi wata uku ba tsifa. Shi kuwa Sarkin Ruwa jifar birgi ya sani: a ja baya, a murɗa ƙugu, a saki komai da iya ƙarfin da Allah Ya ba mutum.

Ba a rasa mai magani ba. Dachung, abokin aikinsa a kamfanin kujeru, ya sha cewa, "Malam, ka zo bayan gidana mu ajiye bokiti ka koyi jifa a ciki, wikend ɗaya kawai." To amma Dachung mutumin Jos ne, ɗan kan duwatsu, wanda sai a Amurka ya fara shiga kwalekwale. Abin da ya tsaya wa Malam Zabeirou a wuya ke nan. Gani yake ranar da ya karɓi darasi daga hannun mutumin tudu, ranar ya tashi daga ɗan babansa. Sai ya ce iska ce, ko zaren ne jabu, ko kifin ƙasar nan ba shi da tarbiyya.

A safiyar rasuwar, su biyun suka hango wani ƙaton bas a ƙarƙashin reshe, kusa ƙwarai, har ana ganin motsin bakinsa. Dachung, wanda jifa ɗaya ta ishe shi, ya ajiye sandarsa a ƙasa ya ce, "Naka ne, Sarki." Sarki ya ja baya, ya murɗa ƙugu. Marigayiya ta yi "ƙat" ɗinta na ƙarshe. Awa guda Sarki yana tsince zare da farce, Dachung na tsaye bai jefa ba, bai kuma yi dariya ba, har kifin ya gaji da jira ya kama gabansa. Wannan kawaicin ya fi dariya yi wa Malam Zabeirou ciwo, kuma kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

A gida ya yi mata tiyata da sukudireba da wuƙar yanka albasa. Ya zare wasu 'yan ƙananan abubuwa da ya ga ba su da amfani, waɗanda daga baya aka gane su ne birkinta. Ya ɗura mata man gyaɗa. Wani siririn sifirin ya yi tsalle, har yau ana nemansa. Da ya haɗa ta, ko motsi. Sai ya ɗauki waya. Abin da aka ji ya ce shi ne, "Dachung, bon... yatsan nan, a ina ma ka ce ake ɗora shi?"

Ta rasu ta bar sanda ɗaya mai ƙoshin lafiya, tanar roba talatin da kifi bai taɓa lasa ba, da tulin yankakken zare cikin leda. Ta kuma bar uwargida Hamsatou, wadda ta shekara uku tana jajjaga tattasai duk Asabar, daga ƙarshe ta zuba shi a kan kaza.

Za a sa marigayiya a kwalin takalmi ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe goma na safe, a bayan gidan Dachung da ke Pleasant Garden. Ba a buƙatar abinci. Bokiti ɗaya ya wadatar, kuma mai gidan ya ce zai ba da aron ril. Dachung ne zai tsaya gaba, Sarkin Ruwa a bayansa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su riƙe dariyarsu, masu buga waya gida kuma kada su kai wa mahaifinsa labari. Malam Zabeirou ya ce shi zai faɗa masa da bakinsa, ranar da yake da kifi a hannu.