Ranar da Na Tayar da Injin Ruwa a Kan Benci

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a unguwar Birketiri ta Yaoundé, zamanin Shugaba Ahidjo, lokacin ina gyaran mobilet, wato ƙananan babura, a wata 'yar rumfar kwano kusa da masu suya. Shekarata ashirin da 'yan kai, kuma unguwa ta riga ta lalata ni da suna Injiniya. (Ni ma fa ban taɓa cewa a daina ba.)

Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, fataucin busasshen kifi yake yi a kogin Nyong, wajen Akonolinga. Ranar Laraba ya sauko daga mota da injin kwale-kwalensa a naɗe cikin buhu. Ya ce injin yana zafi har ya mutu idan an yi lodi, farfelar kuma ta ci dutse ta gutsure. Kifin da ya saya yana can jibge a wani ƙauye a saman kogi, ga damina ta zauna, idan mako ya wuce bai kwaso ba, fumfuna za ta riga shi. Niyyarsa ya wuce da injin wajen wani tsohon makaniki a kasuwar Mokolo, sai Inna ta ce, "Haba Sale, ga ɗanka a gida za ka kai wa bare?"

Kawu ya dube ni. "Ka taɓa gyara irinsa?"

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa wa injin ruwa hannu ba. Ruwan da na sani bai wuce na famfo da na kwatar unguwa ba. Amma bakina ya riga hankalina, na ce, "Kawu, inji ai inji ne."

Na ɗaure shi a jikin benci, na buɗe murfi. Mobilet iska ke sanyaya ta, don haka na shiga neman inda iska ke shiga. Ban gani ba. Maimakon in tsorata, sai na yanke hukunci cewa waɗanda suka ƙera shi ne ba su da tunani, sun rufe inji ruf kamar tukunyar ɗanwake, yaya ba zai yi zafi ba? Na canza buji, wato fulogi, na wanke karbirata, na ajiye murfin gefe da niyyar in huhhuda shi daga baya.

Sai farfela. Na tafi wajen masu tsofaffin ƙarafa a Mokolo, aka zube min guda uku. Na zaɓe ta yadda ake zaɓen ragon layya, wato wadda ta fi girma da sheƙi. Da ta ƙi shiga, na bi ta da zarto da guduma har ta yi biyayya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na aika a kira Kawu. Da gangan na zaɓi lokacin, wannan kam ba zan ɓoye ba, don layin cike yake da manyan riguna. Na ja igiya sau biyu, inji ya kama. Wata ƙara ta tashi wadda Birketiri ba ta saba ji ba, teloli suka bar kekunansu, masu suya suka leƙo da wuƙaƙe a hannu. Wani ya ce, "Injiniya ke nan." Kaina ya kumbura, na ƙara murɗa wuta. Farfela tana juyawa a iska tana kaɗa wa mutane riguna. Can na fara jin ƙaurin roba. Kawu ya shinshina ya dube ni, na ce masa sabon buji ne, haka yake yi.

Sai ga Goggo Asabe mai ƙosai ta tsallako titi da matsami a hannu. Ta yi shekaru tana aure a Douala, marigayi mijinta yana da kwale-kwale a can, abin da na sani sarai amma bai taɓa faɗo min a rai ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa hannu ta kashe injin, wuri ya yi tsit.

"Ɗan nan, ina gangar?"

"Wace ganga, Goggo?"

"Ta ruwa mana. A busasshe ka tayar da shi?" Ta juya wajen Kawu. "Kai ma Sale, kana tsaye, ka ga yana fitsari?"

Kawu ya ce shi ya ɗauka wata sabuwar dabara ce ta mutanen birni. (Wannan maganar ta fi mari zafi, don har zuciyarsa ya faɗe ta.)

Goggo ta yi min karatu a gaban jama'a, a hankali, kamar tana koya wa amarya dama koko. Ta ce wannan inji ruwa yake sha ta ƙafarsa, akwai wata 'yar roba mai fukafukai a ciki da ke tura ruwan sama ya zagaya, ya fito ta baya siriri. In ba ruwa, robar ƙonewa take kafin a gama alwala. Ta tsuguna, ta zari tsinken tsintsiya, ta soka cikin wasu ƙananan ramuka a ƙasan injin da ni na ɗauka ado ne. Laka da ciyawa suka zubo.

"Ga ciwonsa nan tun farko," in ji ta. "Tsinke ɗaya ne maganinsa."

Daga nan ta ƙwanƙwasa farfelata da matsami. "Wannan kuma ta wane jirgin ce? Ƙaramin inji mai jan kaya, ƙarama yake so, wadda zai iya juyawa da sauri. Ka ɗora masa wannan ai sai ya yi ta nishi har ya mutu a tsakiyar ruwa."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi min sauƙi. Manyan riguna suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa yana duban ƙasa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har kunnuwana suka yi zafi. Da muka kwance ƙafar injin, robar ta zubo baƙa ƙirin, gutsi-gutsi. Babu irinta a duk Yaoundé da muka sani, sai da aka aika Douala, ta yi kwana tara kafin ta iso.

Kawu bai zage ni ba, ko Inna bai kai wa ƙarata ba. Ya koma, ya kwaso abin da ya samu. Fiye da rabin kifin ya yi fumfuna, ya farfashe. Wanda ba zai sayu ba ya ɗuro a buhu ya aiko wa Inna, ita kuma ta wanke ta shanya, ta shiga yi mana miya da shi safe da yamma. Wata guda cur muna ci. Kullum ta zubo min sai ta ƙara min gutsure biyu a kai.

A kwanon nan na koyi furta "ban sani ba". Ashe ba ta da wuyar faɗa, kuma ko kusa ba ta kai miyar nan ɗaci ba.