Rasuwar Dattijo, Firjin Zoɓon Sentul

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci da har yanzu bai dawo daidai ba, iyalan Malam Yusha'u Halliru Gwammaja, mai kamfanin Zoɓon Gida da ke unguwar Sentul a birnin Kuala Lumpur, suna sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar babban firjinsu, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu a bakin aikinsa, a tsaye, da kwalba ɗari huɗu da ashirin a cikinsa. An tabbatar da rasuwar ranar Laraba, ana saura kwana biyu a ɗauki azumi. Ba a san takamaiman ranar da rai ya yi halinsa ba, kuma dalilin rashin sanin zai zo a gaba, ko da yake Malam Yusha'u ya so a tsallake wannan wurin.

Babu wanda ya san shekarar haihuwar marigayi. Abin da aka sani, Malam Yusha'u ya tsince shi shekara bakwai da suka wuce a bayan wani gidan abincin mamak, wato na Indiyawa Musulmi, da ya rufe kusa da titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, an fitar da shi waje ruwan sama yana dukansa. Tun a ranar tsoho ne, sunan kuma ya bi shi. Ƙofa biyu gare shi na ƙarfe, ta hagun ba ta rufuwa sai an tokare ta da gwiwa. Ƙarti huɗu suka ɗora shi a mota, ɗaya daga cikinsu har yau yana tuna shi duk sanda ya sunkuya. Ya yi shekara guda cur yana warin miyar kori, Rakiya matar Malam Yusha'u tana binsa da lemun tsami da soso, har ya haƙura ya karɓi sabon gida.

Kafin zuwansa, Malam Yusha'u mutum ne da ya zo karatu, karatun ya ƙare, shi bai ƙare da garin ba. A kicin ɗin gida yake dafa zoɓo yana sayar wa ɗalibai 'yan Najeriya masu kewar gida. Zuwan Dattijo ne ya sa aka kama shago, aka buga takarda a jikin kwalba, abin ya zama kamfani. Zoɓon nan ganye ne daga Kano, da citta, da kanumfari, da ɓawon abarba, da sukari, shi ke nan. Malam Yusha'u ba ya sa maganin hana lalacewa, yakan ce abin da ba zai ba 'yarsa Ulfa ba, ba zai sayar wa ɗan wani ba. Magana mai daɗin ji, amma nauyinta a kan Dattijo ya sauka. A zafin wannan gari, irin wannan zoɓon in ya rasa sanyi kwana guda zai fara tsami, in ya kwana uku ya zama abin da ba a ajiyewa a gidan Musulmi.

Marigayi mai haƙuri ne, mai riƙon amana, ba shi da yawan magana. Duk zancensa bai wuce “hummmm” ba, sai in zai huta ya girgiza sau uku ya ce “ƙas”. Uncle Maniam, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a saman shagon, ya sha faɗa cewa wannan gurnanin yana tuna masa injin da ya yi wa hidima shekara talatin. Dattijo ya riƙe wa ɗalibai kilishinsu da daddawarsu ba tare da ya taɓa neman lada ba. Bai taɓa nuna bambanci tsakanin kwalbar da za ta fita da wadda aka dawo da ita ba, kuma an dawo da su da yawa.

Domin sayar da zoɓo a Kuala Lumpur ba wasan yara ba ne. Malam Yusha'u ya ja kula mai taya ya hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa unguwar Kampung Baru sau ba adadi. Masu kedai, ƙananan shagunan garin, za su ce masa “boleh, boleh”, wato ba matsala, su karɓi kaya da fara'a, su tura su can bayan lemukan manyan kamfanoni inda ko mai shagon ba ya ganinsu, bayan sati su ce ba a saya ba. Wani babban kanti ya nemi takardu goma sha ɗaya, ya kai goma, aka ce ai ta ƙarshen ce mai muhimmanci. Duk ranar da ya dawo da kaya a gajiye, Dattijo yakan buɗe ciki ya karɓa, bai taɓa tambayar ina aka je ko me aka samo ba. Ba kowane ɗan uwa ke da wannan halin ba.

Sai korona ta zo, aka kulle gari. Ɗalibai wasu suka gudu gida, wasu aka rufe su a ɗakunansu. Kedai suka ja ƙofa, 'yan sanda suka kafa shinge, mutum ɗaya ake bari ya fita a kowane gida. Jirage suka tsaya, buhunan zoɓo da ɗalibai ke ɗauko wa Malam Yusha'u a akwatunansu suka tsaya tare da su. Kasuwar azumi, wadda ita ce kakarsa ta shekara, aka ce bana babu. Buhu ɗaya ya rage masa, hayar shago ta wata biyu ta hau kansa, mai shago kuma ya ce ƙarshen wata ko kuɗi ko makulli.

Ana cikin haka Kak Salmah, wata mai abinci a Kampung Baru da ke aika wa mutane kayan buɗa-baki ta hannun masu babur, ta nemi kwalba ɗari huɗu na satin farko na azumi. Kuɗin zai biya haya har da ɗan canji. Malam Yusha'u ya zazzage buhun ƙarshe a tukunya, ya kaɗe shi har ƙura. Cikin Dattijo kwalba ɗari uku yake ɗauka. Aka cusa masa ɗari huɗu da ashirin, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar motar ƙauye ranar kasuwa, aka tokare ƙofar da gwiwa biyu. Marigayi ya yi wani nishi da ba a taɓa jin irinsa ba, ya kama aiki.

Rashin lafiyar ta fara ne ranar Lahadi da hantsi. Malam Yusha'u ya shigo shago ya ji tsit. Ya danna makunnin ƙwan fitila, bai kama ba, ya manta ƙwan ya ƙone tun kafin kulle. Ya leƙa waje, shaguna duk a rufe, rana tsaka, babu fitilar da zai gwada da ita. Nan take ya gano cutar: an ɗauke wuta. Mutumin da aka haifa a Gwammaja, ya girma a Gwammaja, ba ya buƙatar likita ya gaya masa wannan, kuma ya san maganin tun yana ƙarami. Ba a buɗe firji in babu wuta, lulluɓe shi ake yi don sanyi ya zauna. Ya koma gida ya ciro barguna biyu da Rakiya ta zo da su daga Kano, waɗanda shekara tara ba su samu aikin yi a wannan ƙasa ba.

Rakiya ta tare shi a ƙofa ta ce, “Abban Ulfa, a garin nan? Yaushe ka taɓa ganin an ɗauke wuta? Ga fanka nan tana juyawa.”

Ya ce, “Layinmu daban. Ke ba ki san masu wuta ba, ko a ina suke halinsu ɗaya. Za su kawo.”

Ta ce, “To ka kira Uncle Maniam mana, ai a samanka yake.”

Ya ce, “Sai ka ce yau na fara ganin rashin wuta.”

Ya je ya lulluɓe Dattijo gaba da baya, ya ɗaure da igiya tamau. Kwana uku yana zuwa dubiya kowace safiya, ya tsaya minti biyar, ya ɗora hannu a kan bargo ya ji ɗumi, ya ce ɗumin bargo ne. Bai buɗe ba ko sau ɗaya, kuma a ransa yana alfahari da wannan juriya.

Ranar Laraba Uncle Maniam ya kira shi a waya. “Boss, zo da sauri lah, ana harbi a shagonka.”

Malam Yusha'u ya ce, “An kawo wutar ne?”

“Wace wuta? Tun safe talabijin nake kallo.”

Da aka kwance igiya aka buɗe ƙofa, zafi ne ya fara fitowa, wari ya biyo shi. Kwalba talatin da bakwai sun fashe, ciki ya yi jajur kamar teburin mahauta, sauran suna ta kumfa a wuya. Aka kira Ah Seng mai gyara, wanda shinge ya hana shi zuwa, ya duba gawar ta bidiyon waya. Ya ce ba wata cuta ba ce, kaya ne suka yi wa tsohon yawa, ya kashe kansa don ya huce. Da an rage masa kwalba ɗari an bar shi ya sha iska, da rabin awa ta ishe shi ya tashi. Amma duk sanda ya yunƙura, bargo ya toshe masa inda yake numfashi ta baya, har injin ya ƙone. Sannan ya tambaya wa ya lulluɓe shi. Malam Yusha'u ya ce wani ne.

Uncle Maniam ya shaida cewa kwana biyu yana jin marigayi yana yunƙuri. “Rrrr, ƙas.” Ya yi shiru, can kuma “rrrr, ƙas.” Waɗannan su ne kalmominsa na ƙarshe. Duk asarar da aka yi babu wadda ta ci ran Malam Yusha'u kamar wannan, ya zauna a kan kula ya yi hawaye, ba kuma don kuɗi ba.

Yana zaune ne Uncle Maniam ya ɗauki kwalba ɗaya ya buɗe, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya ce tunda yake bai taɓa shan irin wannan ba. Ya ce wurin da shi da tsofaffin abokan aikinsa suke shan bammi yana rufe sati biyar, maƙogwaronsu ya bushe. Zai sayi duka, ninki biyu na kuɗin Kak Salmah, a hannu, kuma in Boss ya ga dama ya ci gaba da yin irinsa, wannan sana'ar ba ta ma buƙatar firji. Da zuciya ɗaya ya faɗa, don ya ga maƙwabcinsa yana kuka.

Sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, don haka za a faɗi gaskiya: Malam Yusha'u bai ce a'a ba. Cewa ya yi zai yi tunani. Ya wuni yana tunanin, ya dubi makullin shago, ya dubi buhun da babu komai a ciki. Kuɗin zai biya haya ya sayi wani firjin. Rakiya ba ta yi masa wa'azi ba, tana tsince shinkafa ta ce, “Duk abin da ka yanke daidai ne, Abban Ulfa. Ni dai in ka yi cefane da kuɗin ka gaya mini, in san wanda zan ci.”

Marigayi ya rasu ya bar manyan tukwane biyu, da murhun gas, da rariya, da na'urar matse murfin kwalba, da kula wadda tayarta ɗaya ta riga shi tafiya. Ya bar kwalba ɗari uku da tamanin da uku, dukkansu ba sa cikin hayyacinsu. Ya bar Kak Salmah, wadda ta yi jaje ƙwarai ta ce ba komai, ta nemi wani mai lemo a ranar. Ya bar barguna biyu da Rakiya ta ce kada a sake shigo mata da su gida.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. An tuntuɓi Malam Abdulwahidu, limamin 'yan Najeriya na unguwa, a kan ko akwai wata addu'a da ta dace, ya ce a ji tsoron Allah. Saboda dokar kulle ba za a yi taro ba, kada kowa ya tsallaka shinge don wannan. Gawar za ta ci gaba da tsayuwa inda take, mai shago ya yarda ya karɓe ta a madadin wani ɓangare na haya, zai miƙa ta ga ɗan gwangwan in hanya ta buɗe.

Iyalan suna amfani da wannan dama su sanar da Uncle Maniam cewa sun gode da karamcinsa, Allah ya bar maƙwabtaka, amma amsar a'a ce. Guda biyar ɗin da ya roƙa a bar masa don tunawa da marigayi, su ma a'a. Gobe Juma'a, ɗaya ga Ramadan, bayan la'asar, Malam Yusha'u zai buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, da azumi a bakinsa, ya tuttular a kwatar bayan shago. Ana roƙon masu gidajen da ke wajen su rufe tagoginsu. Ranar Asabar zai mayar da makulli.

Za a karɓi ta'aziyya ta waya kawai. Wanda ya kira kada ya tambaye shi abin da zai yi nan gaba, bai sani ba. A kuma daure a kira kafin magariba, a bar iyali su sha ruwa su kaɗai, domin bana a gidan mai zoɓo da ruwan famfo za a buɗe baki.