Ranar da Motar Munzali Ta Durƙusa wa Inna

"Ku dube ta da kyau! Wagga mota, ko dutsen Kwatarkwashi aka ce ta hau, abin da za ta tambaya kawai shi ne, ta gabas ko ta yamma?"

Munzali ke nan, yana tsaye a bakin tasha a Gusau, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana bubbuga ƙofar motarsa. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya. 'Yan tasha kuwa, in ya ba da baya, Baki-ya-fi-mota suke kiransa.

To abokina, gyara zama in gaya maka asalin abin. Munzali yana da suruka, Inna Sa'adatu, uwar matarsa Ladidi. Shekara goma sha ɗaya da auren, Inna ba ta taɓa sa ƙafa a motarsa ba. Biki ne, suna ne, gaisuwa ce, sai ta aika a kira Bawa, mijin babbar 'yarta, wani shiru-shiru mai tsohuwar bas da ba ta wuce gudun keke. Wannan abu yana ci wa Munzali rai fiye da ciwon haƙori. Da ya ji matar ɗan Inna ta haihu a wani ƙauye can bayan Kekun Waje, kuma damina ta jiƙa hanya, sai ya ce ranarsa ta zo.

Yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin mai ja da ƙafa huɗu. Ya tafi Tsafe ya sayo injin wata babbar motar kaya da ta yi hatsari. Ya zarce Bilbis ya samo tayoyi huɗu, kowace ta kai masa ƙugu. Ya jibge su gaban Labbo makanike.

Labbo ya zagaya injin, ya zagaya tayoyin, sannan ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya daɗe bai fito ba.

"Munzali, inji zai hau, taya za ta hau. Amma aksul na gaba, ƙarhen nan da ke riƙe da tayoyi yana juya su, na ƙaramar mota ne. Inji zai murɗa shi ta nan, taya ta riƙe shi ta can. Shi kaɗai zai sha wuya a tsakiya."

"To sai mi?"

"Sai ya tsinke. Ga wani can, mai koren fenti, na ciro daga babbar mota. Shi ne daidai da wanga aiki."

Munzali ya dubi koren ƙarfen yana kwance a ƙasa, kaji na kiwo a gefensa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Labbo, tsufa ya kama ka. Inji ana jin ƙararsa. Taya ana ganinta daga nesa. Aksul hwa? Wa ke leƙa ƙarƙashin mota? Tun da aka haife ka, ka taɓa ganin an yi wa aksul kirari?"

Maimakon aksul, sai ya sayi hon mai murya uku da fitilu shida, ya sa aka rubuta a goshin motar: BA A TARE KI.

Da aka ɗaura tayoyin sai suka ƙi juyawa, suna gogar jiki. Munzali ya sa mai walda ya yanke madigadi, wato rufin saman tayoyin. Motar ta fito kamar an yi mata aski da wuƙar yankan kabewa. Ya ce ai haka ake yayi a ƙasashen waje.

Kwana uku Ladidi tana lallashin uwarta kafin ta yarda. Ranar suna da hantsi aka loda kaya: buhun gero biyu, kanwa, yaji, ƙafafun sa na ƙaurin mai jego, da kwanuka. Sauran mata suka leƙo, suka ga motar, suka ce su dai za su jira Bawa. Inna ta zo shiga, ta ɗaga ƙafa, ta sake ɗagawa, matakin yana can sama. Sai da aka mirgino turmi ta taka.

Ka san halin surukuta a gidan da aka riƙe al'ada. Inna ba ta yi wa Munzali magana kai tsaye, ba ta ko kama sunansa. Ladidi ce a tsakiya, ita ce waya. Abin da Munzali ya manta shi ne, marigayi mijin Inna direban gingimari ne, ita kuma shekara talatin tana sayar da tuwo a tasha. Kunnenta ya san kukan ƙarfe kamar yadda ya san kukan jikokinta.

Suna karya kwanar farko, sai ƙasan motar ya ce ƙas, ƙas, ƙas.

"Auta," in ji Inna ga Ladidi, tana kallon gaba, "tambayi mai gidanki, mi ke taunar ƙashi a ƙarƙashinmu?"

"Wai Inna ta ce..."

"Na ji, na ji. Gaya wa Inna, Allah shi ƙara mata lahiya, sabon inji ne yake gyara zama."

"Auta, gaya mishi inji gaba yake. Wanga kuka daga ƙahwa yake hitowa."

Munzali ya danna hon mai murya uku, don kada a sake jin komai. Wata akuya ta faɗa kwata.

Sun wuce Bungudu lafiya. Da ya bi hanyar da kowa ke bi, da labarin nan bai samu ba. Amma ina amfanin manyan tayoyi a hanyar da bas ɗin Bawa ma za ta iya bi? Sai ya karkata sitiyari ya shiga wata 'yar hanyar gonaki mai ratsa rafi, wai yanke.

"Auta, ina za mu?"

"Gaya wa Inna, kafin Bawa ya gama ɗaure kayansa, mu mun sha kunun suna."

A gaba suka cim ma wani manomi, Malam Hamidu, da amalankensa ta shanu biyu, ɗauke da itace. Munzali ya leƙo ta taga.

"Malam, kauce da kayan tarihi! Zamani zai wuce!"

Malam Hamidu ya ja shanunsa gefe, ya ce, "A sauka lahiya. Amma mashigin nan akwai dutse ƙarƙashin laka."

"Dutse ya yi ta kansa!"

Rafin bai kai gwiwa ba. Motar ta shiga da fankama, ta kai tsakiya, ta tsaya. Munzali ya saka giyar ƙafa huɗu, ya taka totur. Inji ya yi ruri, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, laka na tashi sama tana sauka kan buhunan gero.

"Auta, gaya mishi shi ɗaga ƙahwa. In taya na gudu haka ta kama dutse, ƙarhe ba ya jurewa."

"Wai Inna ta ce..."

"Gaya wa Inna ta riƙe kujera, yanzu za ta ga aikin Injiniya!"

Ya miƙe ƙafa ya danne totur har ƙasa. Tayar gaba ta dama ta tono laka, ta tono, ta isa kan dutse, ta cafke shi caraf. Inji ya ce gaba, dutse ya ce a'a.

Ƙau!

Tsuntsayen da ke kan bishiyoyi suka watse. Tayar dama ta kwanta waje, ta hagu ta bi ta, goshin motar ya sauko a hankali ya dafa laka. Ba A Tare Ki ta durƙusa a tsakiyar rafi, gwiwa biyu, baya a sama. Hon kuwa ya maƙale, yana ta rera muryoyinsa uku, sai da Ladidi ta fizge wayar hon ɗin.

Inna ta gyara mayafi.

"Auta, ko ba komi, motar tana da ladabi. Yanzu na iya sauka ba turmi."

Kafin ka ce me, masu noma sun ajiye fartanya sun taru. Wannan ya tsuguna, wancan ya kwanta a bakin ruwa, kowa yana leƙen ƙarƙashin mota. Mutum ya fi ashirin. Har wani mai sayar da rake ya jingine kekensa ya leƙa.

"Kai! Wanga ɗan siririn ƙarhe ne aka ɗora ma wagga taya?"

"Ko muciyar matata ta hi shi kauri!"

Munzali ya so ya shiga ƙasa ya duba, amma yaya zai tuɓe riga gaban suruka? Haka ya kwanta cikin laka da shaddarsa ta Juma'a. Yana kwance, sai ya ga ƙafafun shanu sun shigo rafin, amalanken Malam Hamidu tana biye, ta hau dutsen nan ta sauka ko gezau. Ya dubi ƙarƙashinta. Wani ƙaton ƙarfe ne mai koren fenti.

"Malam," ya ce da ƙaramar murya, "ina ka samo wanga aksul?"

"Gusau, wurin Labbo makanike. Ya ce wani mai surutu ne ya raina shi."

Malam Hamidu ya sauke rabin itacensa, ya shimfiɗa wa Inna buhu, Ladidi ta hau gefenta. Aka ɗora kanwa da yaji da ƙafafun sa da buhun gero ɗaya. Da aka zo na biyu sai ya girgiza kai, ya ce shanunsa tun safe suke aiki, ba zai ƙara musu ba.

Inna ta dubi buhun, ta dubi sama.

"Auta, geron kunun mai jego ne. Ba ya kwana a rahi."

Haka aka shiga ƙauyen bayan azahar: shanu a gaba, Inna a zaune kamar amarya, Injiniya a baya da buhu a ka, laka tun daga hula har takalmi. A ƙofar gidan suna, bas ɗin Bawa tana fake a inuwar darbejiya, injinta har ya huce. Bawa na zaune a tabarma yana suɗe hannu. Ya taso da sauri.

"Sannu Injiniya! Ina motar?"

"Tana... tana hutawa."

Mata suka fito da guɗa suka tari Inna. Munzali ya sauke buhun a zaure, wuyansa ya ƙi miƙewa. Inna ta tsaya, ta dubi buhun, ko ƙwaya ba ta zube ba. Ta jinjina kai, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Auta, gaya wa mai gidanki na yaba. Shekara goma sha ɗaya ban san amfaninshi ba sai yau. Wuyanshi ya hi ƙarhen motarshi ƙarhi. Daga yau in ina da kaya, a bar Bawa shi huta, shi za a kira."

Munzali ya fara washe baki.

"Amma gaya mishi shi taho da ƙahwa."