Ranar da Malam Nomau Ya Cire Birki

A wani gari da ke bakin titi, wanda ba zan kama sunansa ba saboda ina da surukai a can, akwai wani bakaniken babur da ake kira Malam Nomau. In ka je garejinsa yau za ka same shi zaune a inuwar buhunan albasa, idanunsa na ruwa. Ka tambaye shi ko lafiya, sai ya ce albasa ce. To, albasar ce, amma ba yadda kake zato ba. Shi da bakinsa yake ba da labarin nan, ya fi kowa dariya, sannan ya sa gefen riga ya share ido.

Abin ya samo asali ne daga wayar wani direban tirela da ya tsaya shan shayi kusa da garejin. A ciki Nomau ya ga tseren babura na ƙasar Turawa: mutum huɗu, fili zagayayye na turɓaya, zagaye huɗu, kowa ya kwantar da babur a kwana yana jan ƙafar hagu, ƙasa na tashi kamar ana sheƙar gero. Ya kalla sau uku, ya miƙa wa direba wayarsa, ya ce, "Wannan ai mu aka kwaikwaya. Kullum haka 'yan acaɓarmu suke shan kwanar kasuwa, ba wanda ya taɓa tafa musu."

Bayan garejin akwai wata tsohuwar masussuka da ke hannun Dagaci. Sarkin Albasa, shugaban dillalan albasa na garin, ya daɗe yana zawarcin filin don ya riƙa jibge kaya. Nomau ya riga shi durƙusawa. Ya yi wa Dagaci bayanin yadda sunan gari zai shiga rediyo, har baƙi su riƙa tambayar hanya.

Dagaci ya saurara, ya ɓare goro, ya ce, "Na ba ka wasa uku, Nomau. In na ga an fara tsere an gama, an nuna mini mutum an ce ga wanda ya ci, fili naka ne. In ba haka ba, na masu albasa ne. Su dai na san abin da suke yi."

Nomau ya kafa ƙungiya, ya raɗa mata suna mai tsawon da allon garejinsa bai ɗauke ba. Shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne mai busa usur. Ya jera tsofaffin tayoyi ya kewaye fili, ya ja layi da toka, ya goge wata butar shayi ta silba ya ce ita ce kofi. Mahaya kuwa ba sai an je nesa ba. Ya zaɓo 'yan acaɓa huɗu daga bakin tasha, gwaninsu wani dogo mai suna Cindo, wanda aka ce ko kaza ba ta tsallaka titi in ta ji ƙarar salansarsa.

Ranar wasan farko gari ya fito. Usur ya tashi, babura suka zabura, Cindo ya sha kwanar farko yadda aka gani a waya. Daɗi ya kama jama'a, suka miƙe suna ɗaga hannuwa. Abin da Nomau bai lissafa ba shi ne, ɗan acaɓa in ya ga hannu a sama, ƙafarsa ce ke yanke shawara, ba kansa ba. Su huɗun suka taka birki a tare, suka gangara gefe, kowa na cewa, "Ina za ka?" Wani dattijo da rana ta dame shi ya ga babur ya zo har gabansa, sai ya haye ya ce a kai shi gida. Aka kai shi.

Wasa na biyu, Nomau ya sa sankira ya zaga gari: ba ɗaga hannu, ba tafi, ba kiran sunan mahayi. Mutane suka zo suka zauna a tabarmi, kowa ya harɗe hannu a ƙirji, shiru kamar ruwa ya ci su. Tsere ya yi kyau har zagaye na biyu. Sai ga wasu matafiya sun sauko daga mota, suka ga taron maza a zaune ba mai magana, suka cire takalma suka durƙusa suka ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan rai." Kafin a yi musu bayani babbansu ya ce a yi wa mamaci addu'a. Wa zai ƙi addu'a? Hannu ya fi ɗari ya tashi. Da aka shafa, sai ga babura huɗu a jere a gaban tabarma, injuna na rugugi, ana jiran wanda zai hau.

Sarkin Albasa ya zo har gareji ya yi wa Nomau jaje, yana auna faɗin fili da ido.

Saura wasa ɗaya. Nomau ya yi ta juya abin a ransa, sai ya tuna maganar da direban nan ya yi, cewa baburan da ke cikin waya ba su da birki ko kaɗan. Ya dafe kai ya ce, "Ashe su ma Turawa 'yan acaɓa sun ba su wahala." Ya tara mahayansa, ya kwance birkin gaba da na baya na kowane babur, ya rataye a ƙusa. Ya ce musu, "Sabo turken wawa ne, to na tuge turken. Yau ko gari duka ya ɗaga hannu, sai kun ga layin toka."

Ranar Laraba ce. Dagaci na kan kujera a gaba, ya tuɓe takalma ya miƙe ƙafa. Sarkin Albasa na gefensa, motar albasa kuma tuni ta tsaya a bakin fili, wai hutawa direba yake yi. An sa 'yan kallo kowa ya zauna a kan tafin hannunsa.

Usur ya tashi. A kwanar farko mahayi ɗaya ya nemi birki bai samu ba, ya miƙe ɗoɗar ya ratsa dangar karan wani gida, awaki suka karɓe shi. Na biyu mai ya ƙare masa a zagaye na biyu, ya kwantar da babur yana hura tanki da baki. Na uku ya dubi na farko, ya dubi na biyu, ya tuna yana da 'ya'ya shida, ya kashe inji ya tura abinsa gefe. Ya rage Cindo shi kaɗai, yana zuba gudu ba abokin hamayya. Zagaye na uku ya wuce. Na huɗu ya kai rabi. Nomau ya rungume butar silba, har ya fara shirya abin da zai faɗa a rediyo.

Sai ga Gwaggo Kande ta ɓullo ta bayan tayoyi, da kwandon daddawa a ka. Tsohuwa ce da ke cin kasuwar ƙauyen gaba duk Laraba, kuma shekara bakwai Cindo ne ke kai ta. Ta je tasha ba ta gan shi ba, aka ce mata yana bayan gareji yana zagaye. Ba ta ji sankira ba, ko ta ji ba ta ɗauka da ita ake ba. Ta ɗaga hannu ɗaya, ko sama sosai bai kai ba.

Cindo ya saki totur, ya dasa silifas biyu a ƙasa. Ya yi huɗa biyu da za a iya shuka gyaɗa a ciki, ya tsaya cak a gabanta, takalman na hayaƙi.

"Ina kwana, Gwaggo. Yau kin makara."

"Kai ka makarar da ni. Riƙe kwandon nan."

Nomau ya sheƙo da gudu, usur na lilo a wuya. "Cindo, ka rufa mini asiri. Ga layi can, taku hamsin bai kai ba. Ka tsallaka ka dawo ka kai ta ko Makka ce."

"Shugaba, kofinka kwanan nan na fara ganinsa," in ji Cindo, yana ɗaure kwando da roba. "Gwaggo kuwa duk Laraba ce."

Nomau ya juya wajen tsohuwa, ya rage murya. "Gwaggo, don girman Allah, minti ɗaya. Zagayen nan kawai zai ƙarasa."

"Hanyar ina ce wannan ɗin?"

"Ba ta zuwa ko'ina, Gwaggo. Nan take dawowa."

"To ai ga shi nan ya dawo." Ta tattare zane ta haye.

Nomau ya waiga. Dagaci ya sa takalmi ɗaya, yana laluben ɗayan da ƙafa. Sarkin Albasa ya yafito direbansa, an fara kwance igiyar mota. Dabara ɗaya ta rage wa Nomau, ya tsorata tsohuwa ta sauka. Ya riƙe kan babur da hannu biyu.

"Gwaggo, ki sauka, ranki nake jiye miki. Babur ɗin nan ba shi da birki, ko na gaba ko na baya. Ni na cire da hannuna."

Gwaggo Kande ta gyara zama, ta dafa kafaɗar Cindo, ta dubi Nomau tun daga hula har ƙasa.

"Shekara bakwai kai kake gyara masa, ni nake hawa. Da can akwai ne?"